Wane Ne Ya Cancanci Duba Ginin Gwamnati?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ma'aikaci wanda mu masu koyon aikin malanta ba mu cika tunawa da shi ba, alhali kuwa rayukanmu da na yaran da za a ba mu suna hannunsa. Shi ne mai duba gini na Gwamnati, watau mutumin da Ma'aikatar Ayyuka ko Ƙaramar Hukuma ke tsayarwa a kan ɗan kwangila, don ya ga an gina abin da aka zana a takarda.

Abin da ya tayar mini da zancen nan, lokacin da aka tura mu ƙauyuka gwajin koyarwa, na sami kaina a wata makaranta mai sababbin azuzuwa biyu, fenti yana sheƙi. Ba a yi wata uku ba daɓen ya fashe, ƙura na tashi in yara sun motsa ƙafa. Wata rana na sa farce a jikin bulo inda shafe ya ɓare, sai ga yashi yana zuba kamar garin tuwo. Da iskar farkon damina ta zo ta yaye kwanon aji ɗaya, muka koma gindin darbejiya da allo. Na tambayi wani tsohon birkila na garin, ya ce tun da aka haƙa harsashi har aka buga kwano sau biyu kaɗai ya ga mai dubawa, na biyun ma bai fito daga mota ba.

Jama'a kan ɗora laifi duka a kan ɗan kwangila. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kwangila ɗan kasuwa ne, riba ya fito nema, kuma don an san haka aka ajiye wanda zai tsaya masa. Ba a biyansa sai an auna aikin da ya yi, an sa hannu cewa ya yi daidai. Ashe ke nan alƙalamin mai dubawa shi ne mabuɗin baitulmali.

To, mene ne aikin nasa? Mafi yawansa duban abin da zai ɓuya ne. Zurfin harsashi, da zarar an cike shi da ƙasa, ba mai sake ganinsa. Rodin da ke cikin ginshiƙi, da kaurinsa da yawansa da tazarar da aka ɗaure shi, in an zuba kankare ya shige ke nan har abada. Saboda haka wajibi ne ya kasance a tsaye ranar zubi, ya ƙirga rodi da idonsa kafin a rufe. Kankaren da aka saba yi wa ginshiƙan ƙananan gine-gine awo ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Lebura kuwa da kwanon sarki yake awo, in ba a tsaye a kansa ba, ƙara kwano biyu na yashi ba wuya, balle in maigidansa ya ƙyafta masa ido. Bayan zubi sai a riƙa shayar da kankaren ruwa aƙalla kwana 7, gama siminti da ruwa yake ƙarfi, in ya bushe da wuri ya raunana. Ba a kuwa lissafa cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. A manyan ayyuka akan ɗebi kankaren a zuba a ƙananan akwatuna, in ya kwana 7 da 28 a kai wa injin ya murƙushe, a ga nauyin da ya ɗauka. Duk wannan sai ya shiga littafin da mai dubawa ke rubutawa kullum.

Game da ilmin takarda ba ni da ja. Mutum ya yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma a fannin gini, ya yi shekara guda a bakin aiki, sa'an nan ya koma shekara biyu ya sami babba. Makarantun ma ba baƙi ba ne a ƙasarmu, gama Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta faro tun 1956. Akwai hukumar rajistar injiniyoyi da aka kafa a 1970, da ta magina a 1989, ga kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Wanda bai iya karanta zanen gini ba, bai iya lissafin awo ba, ba shi da abin da zai faɗa wa ɗan kwangila.

Amma a ganina takarda ita ce ƙarama cikin abubuwan da ake bukata. Wanda bai taɓa riƙe cokalin birkila ba, tsofaffin magina sai su yi ta wasa da hankalinsa yana kallo. Dubi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. Da ƙasa da azara ya ɗaura bakunan nan, suka daɗe a tsaye. Irinsu tun suna yara suke cuɗa ƙasa a gaban iyayensu, kuma in soro ya rushe kowa a gari ya san ƙofar gidan wanda ya gina. Ba cewa nake a koma ginin tubali ba. Cewa nake kada a ba saurayi hatimin sa hannu sai ya yi shekaru ƙarƙashin wanda ya goge, hannunsa ya san ƙwaƙƙwaran bulo tun kafin a gwada.

Saura amana, ita kuwa ba makarantar da ke ba da takardarta. Tun muna makarantar allo aka tsoratar da mu azabar masu tauye mudu, to, mai rage siminti a ɗakin da yara sittin za su zauna fa? Sai dai a yi adalci. In Hukuma ta tura mutum duba aiki a ƙauye mai nisa ba ta ba shi abin hawa ba, ɗan kwangila ne zai ɗauko shi a motarsa, ya ciyar da shi, ya mayar da shi gida. Da wane baki zai ce a rushe bangon nan a sake? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Lalle a biya shi albashi kan kari, a ba shi guzuri, a ba shi ikon tsayar da aiki, kuma in ya tsayar kada wani babba ya buga waya a mayar da shi wata jiha.

Kada wani ya ce zancen daɓe da kwano ne kurum. Ran 13 ga Maris 2019 bene ya rushe a Ita Faji cikin Ikko, da makaranta a samansa, mutum 20 suka rasu. Ran Juma'a 12 ga Yuli 2024 wata makaranta ta rufta a Jos, aka rasa rai 22, yawancinsu ɗalibai. Waɗannan ba ginin Gwamnati ba ne, amma kankare bai san mai shi ba.

Ina roƙon Shugaban Kwaleji, kafin a sallame mu a gayyato wani maginin kirki ya yi mana ko da darasi uku, ya nuna mana tsagewar da ke shafe kaɗai da wadda ta kai harsashi, da ofishin da malami zai kai takardar kuka in ya ga ta biyun.