Gashuwa Ko Ikko: Ina Yaro Zai Yi Karatu?

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, ga wata gardama wadda takan tashi a gidajenmu duk sa'ad da aka buɗe rajistar JAMB. Yaro haifaffen Kurmi ya kafe sai Jami'ar Ikko, uban kuwa, mutumin Nguru ko ƙasar Bade, hankalinsa yana gida.

Mu dai a ganinmu kada a raina Gashuwa. Mutanen Ikko da yawa ba su san garin da kome ba sai kurkukun da aka tsare lauya Gani Fawehinmi a 1989. Alhali kuwa tun 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a can, tare da ta Gusau da ta Birnin Kebbi. Ga Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman a garin, ga kwalejin shari'a a Nguru.

A dubi ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya: kashi 45 bisa ɗari na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari baya wajen ilmin boko. A Ikko ɗan asalin Yobe ba ya cikin kashi 35 ɗin nan, a Gashuwa kuwa yana ciki. Wanda ya zauna shekara biyu a gida yana jiran sunansa ya fito ya san nauyin wannan magana.

Ƙanƙantar makaranta ma ba aibi ba ce. A Amurka iyaye suna biyan kuɗi masu yawa don 'ya'yansu su shiga ƙananan kwalejoji, domin malami ya san ɗalibi da sunansa, ya karanta rubutunsa da kansa. Abin nazari kuwa ga shi a bakin ƙofa: fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ta shiga yarjejeniyar Ramsar a 2000, da harshen Bade, wanda Farfesa Russell Schuh ya taso tun daga Kalifoniya don ya nazarce shi.

Amma fa ba za mu ɓoye muku ba. Jami'ar 2013 ba ta tara littattafai da manyan malamai kamar ta Badun, wadda aka kafa a 1948, ba. Zafin bazara ba wasa, kuma ciwon ƙoda ya daɗe yana damun mutanen ƙasar Bade. Uban ɗiya mace kuwa ba zai manta da 'yan matan Dapchi da aka sace a 2018 ba, ga shi garin yana kan hanyar Damaturu zuwa Gashuwa.

Saboda haka kafin a cika takarda, a bincika ko hukumar NUC ta amince da fannin da yaron yake so. Sa'an nan a ba shi kuɗin mota ya je ya kwana biyu wurin dangi, ya ga ɗakin kwana da ruwan sha, ya tambayi ɗaliban da ke ciki mutum nawa ne a ajinsu.