A Gyadi-Gyadi da Tarauni, a bakin mudu da gadon asibiti ake gane Kirista

Duk safiyar Lahadi, wanda ya tsaya a bakin titin Zariya daura da Gyadi-Gyadi zai ga iyalai cikin kwalliya suna tare Adaidaita Sahu, Littafi Mai Tsarki a hannu, yara na biye. Da yawansu Sabon Gari suka nufa, domin can ne manyan majami'un Kano suka taru. Kafin la'asar sun dawo gida. Daga nan har wata Lahadin babu ƙararrawa, babu lasifika, babu wani abin da ke nuna akwai Kirista a layin, sai shi kansa.

Ƙaramar hukumar Tarauni na da mutane sama da 220,000 tun a ƙidayar 2006, kuma mafi rinjaye nesa ba kusa ba Musulmi ne. Kiristocin cikinta tsiraru ne, a warwatse a gidajen haya daga Court Road zuwa Kundila, daga Darmanawa zuwa Unguwa Uku. Akwai ma'aikatan jinya da likitoci, malaman makarantun kuɗi, masu kemis, makanikai, 'yan sanda da masu yi wa ƙasa hidima. Wasu Inyamurai ne ko Yarbawa, wasu daga Kudancin Kaduna ko Filato ko Adamawa, wasu kuma Hausawa ne gaba da baya, 'yan asalin ƙananan hukumomi irin su Sumaila da Tudun Wada.

Maƙwabcin wannan mutum bai taɓa shiga coci ba, ba kuma zai shiga ba. Bai san abin da fasto ya faɗa ranar Lahadi ba. Duk abin da zai sani game da addinin Kirista, a jikin wanda suke haɗa katanga zai karanta shi: yadda yake awo, yadda yake biyan bashi, da abin da yake yi idan an buga masa ƙofa da tsakar dare. Wannan nauyi ne babba, kuma majami'un Kano sun fi kashe lokaci kan wasu abubuwan fiye da shirya mambobinsu su ɗauke shi.

Kano ta riga ta gwada hanyar babban taro. A watan Oktoban 1991, shirin gangamin wa'azin Bajamushen nan Reinhard Bonnke ya ƙare da tarzomar da ta ci rayuka da dukiya, shi kansa bai samu hawa mumbari ba. Ko me mutum zai ce game da 'yancin wa'azi, kuma akwai abin cewa, tun daga lokacin kowa ya san ba a filin taro Bakano zai saurari Kirista ba.

Matsalar farko ita ce yadda aka ƙuntata ma'anar tsarki. A bakin masu wa'azi da yawa, tsarki ya koma tsawon siket, ɗaurin ɗankwali, barin giya da guje wa zina. Waɗannan suna da muhimmanci, babu mai ja. Amma sura ta 19 ta Littafin Firistoci, wadda ta buɗe da kiran jama'a zuwa ga tsarki, ba a nan ta tsaya ba. Ta hana manomi girbe gonarsa ƙarƙaf, sai ya bar kala domin matalauci da baƙo. Ta hana kwana da ladan ɗan ƙodago. Ta hana yawo da tsegumi, da fifita mai kuɗi a wurin shari'a. Kusa da ƙarshenta kuma ta yi umarni da ma'auni na gaskiya. Wato a wannan sura, mai tsarki mutum ne da ake iya saye a hannunsa ido rufe.

Musulmin Tarauni ba baƙo ba ne ga wannan magana, tunda sura ta 83 a Alƙur'ani gaba ɗaya sunan masu tauye mudu take ɗauke da shi. A nan addinan biyu suna magana da harshe ɗaya, kuma a nan ne aka fi saurin kama mai ƙarya.

A kasuwar Tarauni, matar da ke sayar da garin rogo da manja ta san dabarun da kowane ɗan kasuwa ya sani: kwanon da aka bubbuge gindinsa, man da aka sirka, tsohon kayan da aka binne a ƙasa aka rufe da sabo. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da tsadar abincin da ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, jarabar yin haka ta ƙaru, domin riba ta ƙanƙance. Wadda ta ƙi yi, kuɗi take asara na gaske, a ranar da kuɗin makarantar 'ya'yanta ke jira. Irin wannan tsarkin ya fi na siket tsada, shi ya sa ba a cika jin wa'azinsa ba.

Haka batun mai kemis. A 2018, bayan rahoton binciken BBC kan shan kodin, wanda Kano na cikin wuraren da ya nuna, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Shaye-shayen bai ƙare ba, salo kawai ya sauya. Masu sayar da ƙwayoyi ga matasa akwai su a kowane addini da kowace ƙabila, kuma zalunci ne a jingina laifin ga ɓangare ɗaya. Sai dai Kirista mai kemis a Gyadi-Gyadi ya kamata ya san cewa idan ya miƙa wa yaro ɗan shekara 17 abin da zai lalata shi, unguwa ba sunansa kaɗai za ta kira ba, har da addininsa. Fitar da zakkar wannan kuɗi ranar Lahadi ba ya wanke shi.

Sai kuma na cikin gida, wanda ido bai cika kaiwa ba. Yarinyar aiki da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara biyu ba ta ga allo ba. Mai gadi da ake ce wa ya ƙara haƙuri sai wata mai zuwa. Ɗan ga-ruwa da ya turo kura tun daga rijiyar burtsatse, a tsaya ana jayayya da shi kan naira hamsin. Almajirin da ya wanke kwanuka aka sallame shi da ƙanzo. Waɗannan mutane suna magana idan sun fita, kuma shaidarsu ita ce unguwa ke ɗauka.

Amma babban filin jarrabawar yana nan a bakin titin Zariya, wato Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kafa shi a 1988, a 2002 ya fara dashen ƙoda, kuma yau marasa lafiya na zuwa masa daga Jigawa, Katsina, Yobe, har da Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti a Najeriya ya san yadda abin yake. Akwai majinyacin da ya sayar da akuya ya zo, kuɗin ya ƙare a gwaje-gwaje tun kafin a fara magani. Akwai tsohuwar da ke kwana a kan tabarma saboda ba ta san kowa a birni ba. Akwai mai wankin ƙoda da ke buƙatar zuwa sau biyu ko uku a mako, yana ƙirga abin da ya rage a aljihu. Akwai mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ana neman wanda zai bayar, danginta kuma suna can ƙauye.

Labarin Basamariye da ke sura ta 10 ta Bisharar Luka, wanda kowane yaron makarantar Lahadi ya sani, a zahiri labarin jinya ne. Mutum ya tsinci wanda 'yan fashi suka yi wa rauni, ya ɗaure masa ciwo, ya kai shi masauki, ya ajiye kuɗi, ya kuma ɗauki alkawarin biyan ragowar. Abin da aka cika mantawa shi ne akwai tsohuwar gaba ta addini tsakanin Samariyawa da Yahudawa, kuma babu inda labarin ya ce mai taimakon ya tsaya yi wa mai rauni wa'azi, ko ya tambaye shi inda yake ibada.

Ma'aikaciyar jinya Kirista da ke aikin dare a irin wannan asibiti tana da damar da babu bishop ɗin da yake da ita. Yadda ta amsa kiran dattijon da ba ya jin Turanci, ko ta ce masa “Sannu Baba, ina ke ciwo?” ko ta daka masa tsawa, shi zai koma da shi ƙauyensu. Haka ko ta mutunta suturar matar aure ko ta yi mata ba'a. Aikin jinya a Najeriya na da wahala, albashi bai taka kara ya karya ba, abokan aiki da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya. Gajiya gaskiya ce. Amma fuskar da aka sakar wa mara lafiya ba ta cikin kasafin kuɗin gwamnati.

Kano ta san irin wannan shaida tun da daɗewa. Asibitin idanu na ECWA, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1943, ya wuce shekara 80 yana yi wa mutane aikin yanar ido, kuma mafi yawan masu zuwa Musulmi ne. 'Yan sistan St. Louis sun iso Kano daga ƙasar Ailan a 1948, makarantarsu ta Bompai ta yaye 'yan mata Musulmi da Kirista. Tun a shekarun 1930 kuma mishan ya shiga aikin kula da kutare a Yadakunya.

Dole a faɗi ɗaya gefen tarihin ma. Turawan mishan ba su ɓoye cewa suna fatan maganin ya buɗe ƙofar wa'azi ba, kuma daga nan ne zargin da har yau bai mutu ba ya samo tushe, cewa kyautar Kirista akwai ƙugiya a cikinta. Kirista na iya jin zafin wannan zargi, amma musu ba ya goge shi. Abin da ke goge shi shi ne kyautar da aka yi shekara da shekaru ba a nemi komai ba, musamman inda yara da marayu suke. Wanda zai taimaki ɗan maƙwabci, ya bi ta hannun iyayensa ko mai unguwa, a fili. Buhun shinkafar da aka liƙa wa takardar gayyata zuwa coci ya tashi daga alheri, ya zama talla.

Tallar ma ta samu sabon salo. Yanzu kafin a miƙa ledar taliya sai an jera mabuƙata, an ɗaga waya, an ɗora a Facebook. Ƙungiyoyin addinan biyu duk suna yi. Amma Kirista yana da gargaɗi na musamman a sura ta 6 ta Bisharar Matiyu, inda aka umarce shi ya ɓoye sadakarsa. Bazawarar da aka ɗauki hotonta tana karɓar kwano biyu na masara ta biya kuɗin masarar da mutuncinta.

Sannan ina kuɗin Lahadi ke tafiya? A wasu majami'u ana karɓar baiko kashi-kashi a sujada ɗaya: na godiya, na gini, na “shuka iri”, na bikin fasto. Koyarwar da ke cewa ka ba Allah dubu ya mayar maka dubu goma ta mayar da bayarwa jari, kuma jari ba ya zuwa inda babu riba. Shi ya sa hannun mutum zai buɗe a gaban mumbari, ya rufe a gaban maƙwabci. Zumuntar Mata, a ECWA da sauran majami'u, ta fi kowa fahimtar abin. Su ne masu kai abinci gidan rasuwa, masu zama da mai jego, masu haɗa kuɗin asibiti da naira ɗari-ɗari. Abin da ya rage shi ne wannan hannu ya riƙa tsallake katangar coci.

Wani zai ce sauƙin faɗa gare shi. Kiristan Kano ya binne 'yan uwansa bayan harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, da bam ɗin cocin St. Charles a Yulin 2014. Ya tuna kisan Bridget Agbahime a kasuwar Ƙofar Wambai a Yunin 2016. Shugabanninsa sun daɗe suna kuka kan wahalar samun izinin gina coci. Akwai masu gidajen da ba sa ba shi haya. Wanda ke zaune cikin ɗar-ɗar, a ce masa ya buɗe ƙofa?

Tsoron ba ƙarya ba ne, kuma haƙƙin gwamnati ne da na masu rinjaye su kawar da dalilinsa. Babu wanda zai ce Kirista ya sayi tsaron ransa da kyautatawa, domin tsarin mulki ya riga ya ba shi. Amma a Kanon nan ce, a watan Janairun 2012, lokacin zanga-zangar tallafin mai, Kiristoci suka yi zobe suna gadin Musulmi masu salla, wasu Musulmi kuma suka shiga majami'un Sabon Gari suna ba da tabbacin zaman lafiya. Kuma a kowace tarzomar da aka yi a garin nan, an samu waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu na wani addinin a cikin ɗaki. Ba ranar tarzomar suka fara sanin juna ba. Sun daɗe suna musayar kwanon tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya.

Akwai abu ɗaya da kowace majami'a mai mambobi a Tarauni za ta iya farawa ba tare da sisin kwabo ba. A tara sunayen matasa masu lafiya, a san rukunin jinin kowa, a miƙa lambar waya ɗaya ga sashen ajiyar jini na asibitin da ke kusa. Jinin da ake ɗiba a zama ɗaya bai kai rabin lita ba, kuma lafiyayyen namiji na iya bayarwa duk bayan wata uku. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar sikila a Najeriya duk shekara, da yawansu kuma za su buƙaci ƙarin jini ba sau ɗaya ba. Daga Gyadi-Gyadi zuwa ƙofar asibitin, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.