Shekarun Littafi da Shekarun Yaro

Duk malamin da ya fito daga Kwalejin Horon Malamai ta Gumel, ko wata irinta, ya haddace matakan girman ɗan Adam yadda Turawa suka tsara su. Ko daga barci aka tashe shi zai karanto su. Abin da ke damunmu, mu da aikinmu ne kula da makarantu, shi ne yadda waɗansu malamai suka ɗauki shekarun da aka rubuta cikin littafin nan kamar farilla, suna auna 'ya'yan mutane da su, wanda bai kai ba su ce daƙiƙi ne.

Bari mu tuna wa mai karatu asalin maganar. Jean Piaget, mutumin Suwizalan, wanda ya rasu cikin 1980, ya kasa girman hankalin yaro kashi huɗu. Daga haihuwa zuwa shekara 2, da hannu da baki da ido jariri ke sanin duniya. Daga 2 zuwa 7 ya sami magana, amma idonsa yana rinjayar hankalinsa. Daga 7 zuwa 11 yana iya lissafi da kawo dalili, muddin abin yana gabansa yana taɓa shi. Daga 12 zuwa sama sai ya fara tunani a kan abin da ba ya gani. Gwajinsa da ya fi shahara shi ne na ruwa. A zuba ruwa daidai wa daida cikin kofi biyu, a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya, a tambayi yaro wanne ya fi yawa. Ƙaramin yaro zai ce na kwalba, don ya ga ya fi tsawo. Wanda ya haura mataki na uku kuwa zai ce ai ba a ƙara ba, ba a rage ba.

Erik Erikson kuma, cikin 1950 a Amurka, ya kasa rayuwa duka, tun daga goyo har tsufa, kashi takwas, ya ce kowane kashi da ja-in-jar da mutum ke yi da zuciyarsa. Ta ɗan makaranta ita ce tsakanin ƙwazo da raina kai. Lalle malami ya riƙe wannan, gama yaron da aka kira daƙiƙi gaban 'yan'uwansa yana shekara bakwai, da wuya ya sake ɗaga hannu cikin aji.

Ba mu ce mutanen nan sun yi ƙarya ba. Hasali ma kakanninmu sun riga su lura. Mu ma muna da jariri, da yaye wajen shekara biyu, da yarinta, da samartaka, da magidanci, da dattijantaka, da tsufa. Addini ya ce a umurci yaro da salla yana shekara bakwai, a matsa masa yana goma. Wajen shekarun nan ne kuma uba ke fara ba ɗansa awaki ya kai su bakin gari, uwa ta fara aiken 'yarta kasuwa da kuɗi a hannu. Ga shi bakwai ɗin nan ta zo daidai da ta Bature, alhali ba su taɓa zama sun yi shawara ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Piaget da yaran birnin Janiba ya yi yawancin aikinsa. Da aka kai gwajin waɗansu ƙasashe sai aka ga jerin matakan yana nan, amma shekarun suna motsi, kuma irin kayan da aka gwada yaro da su suna sauya sakamako. Cikin 1961 wani masani, Price-Williams, ya gwada yaran Tibi a nan Nijeriya, waɗanda ba su shiga makaranta ba, da ƙasa da 'ya'yan itace irin waɗanda suka saba wasa da su, ya tarar ba su kasa yaran Turai ba. Cikin 1966 Patricia Greenfield ta bayyana abin da ta gani a Sanagal wajen yaran Wolof. In baƙuwa ce ta juye ruwan, da yawa sukan ce ya ƙaru, amma in yaron ne ya juye da hannunsa, sai masu amsa daidai su yawaita. Ashe ba hankalin ne babu ba, hanyar tambayar ce ta rufe shi.

To, a je kasuwar Maigatari ranar Alhamis a duba. Yarinya 'yar shekara tara mai tallan gyaɗa tana ba da canji ba kuskure, yaron dillalin awaki kuwa yana jin mutanen Nijar suna ciniki da dala da jaka, ya san dala sefa biyar ce, ya juya ta zuwa naira a ka. In gari ya waye ranar Litinin, yaran nan su ne za a tsayar gaban allo a rubuta musu 17 a tara da 8, da Turancin da ba su ji, su yi tsuru-tsuru, a rubuta musu sifiri. Wa ya faɗi jarrabawar nan, yaron ko malamin?

Shawararmu ga malaman ƙananan azuzuwa a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari ba mai tsada ba ce. Littafin da kuka haddace shi da kansa ya ce yaro ɗan 7 zuwa 11 sai da abin taɓawa. A kawo mudu da gero, yaro ya auna da hannunsa, ya juye cikin ƙwarya, ya baza a faifai, ya faɗi ko ya ƙaru. A kawo tsakuwa da kara da ƙwallon goruba a yi tarawa da ɗebewa da su, da Hausa, kafin a hau allo. Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu cikin 1934, ya ce a auna yaro da abin da zai iya in an ɗan kama masa, kada a tsaya ga abin da yake iyawa shi kaɗai. Kowane maƙeri da ya taɓa koya wa ɗansa zuga ya san haka.

Akwai kuma rabon akawuna cikin maganar nan. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, ana kuwa farawa da shekara 6. Amma yaya malami zai san shekarun yaron da ba shi da takardar haihuwa? A da sai a ce ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya kai a ɗauke shi. Wannan awon tsawon hannu ne, kuma yaron da bai sami isasshen abinci ba yakan tsumbure ya ɓoye shekarunsa. Shi ya sa ake tarar da ɗan shekara biyar da ɗan shekara goma a benci ɗaya, ƙaramin yana kuka, babban yana jin kunya, bayan damina ɗaya ya koma kiwo. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ba sunan da ake raɗawa cikin unguwa mai unguwa bai ci goronsa ba. Da zai riƙa kai labari wurin dagaci, malamin hakimi ya tattara kowane wata ya miƙa wa ma'aikacin rajista, da cikin shekara shida kowane hedimasta ya san waɗanda za su zo masa, da sunayensu da shekarunsu.

Su kuwa waɗanda suka wuce lokaci, kada a ce musu ƙofa ta rufe. Littattafan farko sun fi mai da hankali ga ƙuruciya, amma masanan baya sun tabbatar mutum yana koyo har tsufansa, sai dai saurin ya ragu. Mu nan Arewa mun ga shaida tun shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, da magidanta masu furfura suka zauna bisa tabarma da la'asar suka koyi karanta wasiƙunsu da kansu. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya zo daga ruga yana son karatu, a ware masa aji tare da tsararrakinsa, a tafi da su da sauri, gama abin da ɗan shekara shida zai koya cikin shekara uku, shi bai kamata ya ɗauki haka ba.