Hirar Dare Ta Koma Tsakar Gida

Tun asali daren garuruwanmu ba na hayaniya ba ne. Bayan magariba, abin da muka saba a Gusau shi ne teburin mai shayi, da tukubar mai tsire, da tabarma a ƙofar gida; yara kuwa suna dandali in akwai farin wata.

Abin da ya taɓa wannan hira shi ne 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka datse a Zamfara duka, aka rufe kasuwannin mako. Mutumin Tsafe ko Bungudu da ya shigo Gusau yakan duba rana, ya kama hanya tun da la'asar. Ba mu ga laifinsa ba.

Mu malamai, yara ne damuwarmu. An hana su dandali, kowa ya shige ɗaki da waya. Ka tambayi aji labarin Gizo da Ƙoƙi, sai kallon-kallo. Amma gidan da har yanzu ake shimfiɗa tabarma bayan tuwo, kaka tana tatsuniya, daga can muke samun ɗalibin da ya iya jera magana.