Wa Ke Shan Datar Gidanku?

 

Bari mu fara da abin da ya same mu a zangon karatun da ya wuce. Mu huɗu ne a ɗakin da muke haya a wajen jami'a. Muka yi karo-karo muka sayi rauta, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa layi ta riƙa rarraba intanet ta Wi-Fi, muka zuba datar da muka ƙiyasta za ta kai mu wata guda. A kwana tara ta ƙare, saura kwana biyu mu tura aikin da malami ya ba mu. Nan fa zargi ya tashi, kowa yana cewa wane ne ke kwana kallon bidiyo. Sai da muka buɗe shafin rautar muka ga na'urori 14 a jone, alhali wayoyinmu da kwamfutocinmu gaba ɗaya shida ne. Laifinmu ne: kalmar sirrin da muka sa lambar wayar ɗayanmu ce, kuma tana nan rubuce da alli a jikin ƙofa saboda baƙi.

Data ba ta da arha, balle tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Amma asarar ta wuce ta kuɗi. Layin da ke cikin rautar gidanku da sunan wani aka yi masa rajista, an kuma haɗa shi da lambar NIN ɗinsa. Idan baƙo ya hau ya yi damfara, sawun da za a fara bi na Baba ne ko na Yaya. Da yake a gidaje da yawa ku ake kira idan waya ta rikice, wannan aikin naku ne.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, rauta ƙofa biyu ce da ita. Ta farko ita ce kalmar sirrin da ake sa wa a waya a hau Wi-Fi. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafa rautar kanta. Ana shiga shafin ne ta rubuta wata lamba a manhajar buɗe shafuka, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Za ku ga taku a takardar da ke manne a ƙasan na'urar ko a cikin murfin batirinta. Rautoci da yawa suna fitowa daga kamfani da "admin" a matsayin suna da kuma kalmar sirri. Duk wanda ya samu ƙofar farko, ya tarar da ta biyu a haka, zai iya canza komai, ya kore ku daga kayanku, ko ya riƙa karkatar da mutanen gida zuwa shafukan bogi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban rautoci da kyamarori a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirri na kamfani kusan 60 kacal. Da su aka kai harin da ya hana mutane da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na shekarar. Don haka wannan ƙofar za ku fara kullewa.

Sai kalmar sirrin Wi-Fi. Ku guji lambar waya, ranar haihuwa, sunan auta ko 12345678, domin su maƙwabci ke fara gwadawa. Tsarin yana karɓar haruffa daga 8 har zuwa 63, kuma tsawo shi ne ƙarfinta. Ku haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, kamar tukunya, taga, gishiri da jirgi, ku cusa lambobi a tsakaninsu. Kada dai ku ɗauki waɗannan, tunda duk mai karanta jaridar nan ya gan su. Ku kuma kauce wa haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ, saboda ba kowace na'ura ke iya rubuta su ba.

A shafin za ku ga wurin zaɓar nau'in tsaro. Idan akwai WPA3, wanda ya fito a 2018, shi za ku ɗauka. Idan babu, ko wata tsohuwar waya ta ƙi hawa, ku zaɓi WPA2 na 2004. Kada ku kusanci WEP, tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi. Ku kuma kashe abin da ake kira WPS. Lamba ce mai alƙaluma takwas da aka yi don sauƙaƙa shiga, amma a ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambar rabi-rabi ne, don haka gwaji 11,000 ya isa a cinko ta. Ga kwamfuta wannan aikin 'yan awanni ne.

Akwai ɓarakar da babu saitin da ke toshe ta, wato kunya. Aboki ya zo ya roƙa, ba ma iya hanawa. To, wayoyin Android na yanzu suna iya nuna kalmar sirrin da aka sa musu a hoton lambar QR, wani ya ɗauka ya hau, shi ma ya ba wani. Idan rautarku tana da sashen baƙi, ku kunna shi da kalma daban wadda za ku riƙa canzawa. Idan babu, ku canza babbar kalmar bayan biki ko suna. Haka nan idan daga wayarku kuke rarraba wa wani intanet, ku kashe da zarar ya gama. Ku ajiye rautar a cikin ɗaki, domin akwai ɗan ƙaramin rami a jikinta da ake dannawa da tsinke komai ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Ga kuma gargaɗi ga masu sauke manhajojin da ke iƙirarin fasa Wi-Fi ɗin maƙwabta. Wasunsu kalmar sirrin gidanku suke kwashewa su raba wa wasu. Sannan shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015, ban da haƙƙin maƙwabtaka da mutum zai ɗauka.

Aikin gida na wannan mako: ku nemi izinin mai rautar, ku shiga shafinta, ku ƙirga na'urorin da ke jone, ku kwatanta da na mutanen gida. Ku canza kalmomin biyu, ku rubuta su a takarda ku ba Umma ta adana. Mu dai tun da muka yi haka, muka kuma goge allin nan, datarmu tana kai wata. Ku rubuto mana abin da kuka tarar.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.