Gidan Wasa A Lambu: Ina Ƙofar Mata?

Yau zancenmu na gini ne. Kada wata ta ce ai wannan sha'anin maza ne, gama in garinku ya tashi gina gidan 'yan wasa a lambun shan iska, 'ya'yanku mata ko dai su shiga, ko su tsaya waje suna leƙe.

Wadda ta taɓa zuwa lambun Ƙofar Gamji a Kaduna, inda aka kafa gadar nan ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, ta san abin da ke jan mutane can, wato inuwa da iskar kogi. To, kada a yarda a sare itace don gini. Bango a rani ɗaya ake tā da shi, amma maɗaci ko tsamiya sai an yi shekaru ana jira. Dogayen bangayen kuma su dubi kudu da arewa, can za a sa tagogi, don ruwan damina daga gabas yake bugowa, zafin la'asar kuwa daga yamma.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙofa. Sau da yawa akan yi ƙofa ɗaya, ɗakin sake tufafi ɗaya, a ce na kowa ne. Na kowa ina! Wace budurwa ce za ta ratsa taron samari da ƙunshin kayanta? Wace uwa ce ma za ta bar ta? Sai a yi wa mata tasu ƙofa ta wani gefe dabam, da ɗaki mai sakata ta ciki, tagoginsa can sama yadda mai wucewa ba zai hango ba, da famfo, da makewayi. In salga ce, ta yi nesa da rijiya kamar mita 30.

Filin ƙwallon raga bai fi mita 18 a tsawo da 9 a fāɗi ba. Bayan ginin ya ishe shi, a kewaye da darni. A yi 'yar rumfa kusa, da randa, inda masu goyo za su zauna su yi kallo.

Duk wannan sai a faɗa tun zanen yana kan takarda, ba a haƙa harsashi ba. Ku ce wa mai zanen ya nuna muku ƙofar mata da yatsa. Wadda ba ta fita, ta rubuta, ta ba maigida ko malamar makarantar 'yarta su kai wurin taron.