LAFIYARKI JARINKI: Shin Maganin Zazzaɓi Yana Kashe Korona?

Yau hirarmu a kan tazargade ce da danginta, domin tun da annobar korona ta ɓulla magana ta bazu cewa wai maganin zazzaɓin cizon sauro yana kashe ta.

Gaskiya ne manyan magungunan zazzaɓi daga tsirrai suka samo asali. Kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka ciro shi. Shi kuwa atimisinin, wanda ke cikin maganin zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yanzu, wata 'yar ƙasar Sin ce mai suna Tu Youyou ita da abokan aikinta suka tace shi a 1972 daga wani ganye ɗan uwan tazargade, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Kun ga karatun 'ya mace ba asara ba ne.

A watan Afrilun 2020 shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da wani jiƙo na wannan ganye mai suna Covid-Organics, ya ce maganin korona ne. Masana a Jamus ma sun gwada ruwan ganyen a ɗakin bincike, suka ga ya rage hayayyafar ƙwayar cutar. To amma fa kwalbar gwaji daban, jikin ɗan Adam daban. A jiki hanta tana narkar da maganin, cikin 'yan sa'o'i ya bar jini, kuma sai isasshe ya kai huhu kafin ya yi aiki. Hukumar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta duba jiƙon Madagaskan, ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba.

Shi ma kulorokwin, wanda aka kwaikwayo daga kwinin, an ɗora masa buri, har wasu a Legas suka sha ya wuce kima aka kwantar da su asibiti a watan Maris na 2020. Da aka gwada ƙaninsa haidiroksikulorokwin a kan dubban majinyata a Ingila, bai rage mace-mace ba.

Saboda haka ƙawata, kada ki ga mura da tari ki ruga kemis sayen maganin zazzaɓi. Shan sa barkatai, ko kurɓar jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, shi ke sa ƙwayar zazzaɓi ta saba da magani, kuma an fara ganin haka a Ruwanda da Yuganda. Ranar da ƙaninki ko jaririnki zai kwanta da zazzaɓi mai zafi, da me za a cece shi?

Ki je a gwada jininki tukuna. In zazzaɓin cizon sauro ne, ki shanye maganin har ƙarshe ko da kin ji sauƙi. Mai juna biyu kuwa kada ta sha komai sai da izinin likita.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, Allah ya ƙara mana lafiya, amin.